Katin Auta

Aikinta magana ne. Shekara goma sha shida ke nan tana zama a wani ɗan ɗaki mai bangon gilashi a saman tashar jirgin ƙasa, da makirfo a gabanta, tana sanar da matafiya jirgin da ya iso, da wanda zai makara, da jakar da aka manta a kan benci. A gida Auta ake ce mata har yanzu, ko da yake ta ba shekara arba'in baya. Mijinta kuwa, mai gyaran wutar lantarki, Lasifika yake kiranta, wai ko gishiri ta ce a miƙo mata sai maƙwabta sun miƙo nasu.

Da raɗaɗi abin ya fara. Shayin safe ya soma ƙona ta ko ya huce, tumatir ya zama abokin gaba, man goge baki kuma sai ka ce barkono aka dama a ciki. Wata rana da hantsi, tsakanin jirgi da jirgi, ta ciro madubin jakarta, ta kunna fitilar waya, ta buɗe baki. A cikin kumatunta duka biyu akwai wasu fararen layuka sirara, sun sarƙe da juna kamar saƙar gizo-gizo. Ta sa hankici ta goga, ba su fita ba. Can ƙurya ta hagu kuma akwai wani wuri ja, ɗanye, kamar an ɗaye fata.

Ta rufe madubin, ta sanar da jirgin ƙarfe goma sha ɗaya, muryarta ko rawa ba ta yi ba. Wata biyu cur ba ta gaya wa kowa ba.

Tana da dalili, ko da yake ba ta taɓa zama ta dube shi ido da ido ba. Tana 'yar shekara ashirin Ummanta ta rasu, lokacin ita tana karatu a wani gari. Sai ana saura kwana uku aka kira ta. Ta tarar da Umma a ɗaki, an saki labule da rana tsaka, ta rufe rabin fuskarta da tawul, ba ta magana sai da ido. Akwai wani wari a ɗakin da turare ya kasa rufewa. Aka ce mata ciwon ciki ne, ita kuma ba ta tambaya ba. Inna, ƙanwar Umma, ita ta yi jinyar tun daga farko har ƙarshe, kuma ko sau ɗaya ba ta ɗaga tawul ɗin a gaban 'ya'yan ba.

Mijin ne ya gano ta. Ya lura gidan ya yi tsit, ya lura tana tura abinci gefen faranti tana cewa ta ƙoshi. Ya fara da tsokana, ya ce ko batirin lasifikar ne ya yi sanyi, a kawo ya duba. Da ya ga ba ta rama ba, sai ya daina dariya. Ranar Talata ya ajiye jakar aikinsa, ya sa ta a gaba har sashen haƙori na babban asibiti.

A wurin yankar kati ta ce ba ta da kati. Akawun ya tambayi sunanta da ranar haihuwarta, ya danna a kwamfuta, ya ce ai tana da tsohuwar lamba. Sai ta tuna an taɓa cire mata haƙori a nan tana 'yar shekara goma sha bakwai. Ya ce tsofaffin takardu suna ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa, ya ɗauki mukulli ya sauka. Ya daɗe. Da ya dawo yana kaɗe ƙura daga wani fayil ruwan ƙasa, Auta ta ga kaurinsa ya fi ƙarfin haƙori ɗaya. Ta ce ko dai kuskure ne. Ya juyo mata da bangon: sunanta, sunan mahaifinta, ranar haihuwarta, da adireshin gidan da ta girma.

Dogon baranda ne ya kai su ɗakin likita, fitila ɗaya a tsakiyarsa tana ƙyaftawa. Wata tsohuwar nas, wadda kowa ke kira Sista, ta leƙo ta karɓi fayil ɗin. Ta dubi bangon, ta ɗago ta dubi Auta, ta yi tsaye kamar an dasa ta.

"Kin dawo," in ji ta, a hankali.

Auta ta ce ita rabonta da nan tun tana budurwa. Sista ta ce e, haka ne, tsufa ne ya sa take haɗa fuskoki. Amma ba ta sake kallonta ba, kuma da ta zo ɗaura mata ƙyallen wuya, yatsunta sanyi ƙalau.

Likitar mace ce, ba ta kai Auta shekaru ba, mai saurin magana. Ta fara karanta fayil ɗin, tana juya shafi tana rage sauri. Ta sa safar hannu, ta kwantar da kujerar, ta jawo fitila. Ba kumatun ta fara dubawa ba. Ta naɗe harshen Auta da bandeji, ta ja shi dama, ta ja shi hagu, ta ɗaga shi, ta shafa gefensa da yatsa. Ta lalubi wuyanta daga ƙarƙashin haɓa har bayan kunne. Sannan ta tambaye ta a wane asibiti aka yi mata aikin harshe, don ba ta ga ko tabo ba.

Auta ta ce ba a taɓa taɓa mata harshe ba.

Likita ta ciro wani hoto daga cikin fayil ɗin, ya yi ja-ja don daɗewa, ta miƙa mata. Baki ne a buɗe, an ja harshe gefe, a gefensa na dama akwai wani farin tabo mai kauri, da ja-ja a tsakiyarsa. Ba a ga ido ba, ba a ga hanci ba. Amma haƙorin gaba na sama ya ɗan guntule a kusurwa, kuma hannun da ke riƙe da leɓen yana da zoben azurfa a ɗan yatsa. Auta ta san ranar da haƙorin nan ya guntule, a bakin murfin kwalba. Zoben kuwa yana cikin akwatinta a gida.

"Wannan Ummata ce," ta ce.

Mijinta ya taso daga kujerar bakin ƙofa ya tsaya a bayanta. Likita ta dube su, ta dubi Sista, sannan ta karanta musu abin da ke rubuce, tana fassarawa da maganar yau da kullum. Zuwa na farko: farin tabo a harshe wanda ba ya gogewa, marar lafiya tana cusa garin taba a baki saboda ciwon haƙori, ga alama ta girmi shekarun da ke kan katinta nesa ba kusa ba. An ce a yanki nama a gwada, ta ƙi. Zuwa na biyu: ta yarda, an gwada, an ga ƙwayoyin wurin sun fara lalacewa sosai amma bai zama ciwon daji ba tukuna, an sa ranar da za a yanke tabon. Ba ta zo ba. Zuwa na uku, bayan wata tara: ƙulli mai tauri a harshe, kaluluwa a wuya. An tura ta sashen masu ciwon daji. Babu alamar ta je.

Ashe da katin 'yarta Umma ta riƙa zuwa, katin da ke ajiye a aljihun tebur tun cire haƙori, don kada a ga sunanta a ko'ina. Auta ta ji kamar ana karanta mata labarin mutuwarta ne, don kowane shafi sunanta ne a samansa.

Likita ta ce saura shafi ɗaya, rubutun wani likita daban. Ta karanta kwanan watan. Auta ta ce ta maimaita. Ta maimaita. Ranar ta zo wata biyu bayan an binne Umma.

Abin da aka rubuta gajere ne. Harshe lafiya lau, babu tabo, babu ƙulli, babu kaluluwa, abin da mai rubutun ya ja wa layi biyu ya sa alamar tambaya. Fararen layuka a cikin kumatu duka biyu. Marar lafiya ba ta amsa tambaya ko ɗaya ba. Da aka juya don ɗauko kayan gwaji, ta tashi ta fita, ba ta dawo ba.

Likita ta ce wataƙila an yi kuskuren kwanan wata ne, ko takardar wani ce ta faɗo ciki, irin haka na faruwa. Sista tana ta jera almakashi a tire, waɗanda ta riga ta jera.

Likita ta rufe fayil ɗin ta ture shi gefe, ta ce yanzu kuma sai a koma kan mai rai. Ta duba kumatun da ɗan madubi mai dogon hannu, ta tambayi magungunan da take sha, ta duba ko akwai tsohon cikon ƙarfe a haƙoran da ke gogar wurin, don wani lokaci su ke jawo irinsa. Babu. Ta ce abin da take zato wani ciwo ne da likitoci ke kira laikin filanas, inda garkuwar jiki ke rikicewa ta far wa fatar cikin baki. Ba irin na Umma ba ne, ba a ɗaukarsa a kofi ko cokali, kuma yawanci ba gado ba ne, ko da yake akan gan shi jefi-jefi a gida ɗaya. Amma ido kaɗai ba ya yanke hukunci, musamman ga jan wurin nan. Tana so ta yanki ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa a kai ɗakin gwaji, yau ɗin nan.

Ta juya za ta ɗauko allura. A daidai lokacin Auta ta ji ƙafafunta sun sauka daga kujerar da kansu. Ƙofa a buɗe take, barandar babu kowa, ba abin da ya fi sauƙi kamar ta miƙe ta bi ta. Har ta dafa hannun kujera. Mijinta ya matsa ya jingina da ƙofar har ta rufu. Ta mayar da ƙafafunta.

Allurar kashe zafi ce kawai ta yi ciwo. Bayan nan sai jan fata, da ɗanɗanon ƙarfe, da ɗinki biyu. Ta ga an jefa wani ɗan abu ja a kwalba mai ruwa, an manna sunanta. Aka ɗebi jininta don a duba suga da ciwon hanta, aka ce ta dawo bayan kwana goma.

Kwanakin nan goma ba su yi mata daɗi ba. Ta kira Yayanta, direban babbar mota, ta tambaye shi ranar rasuwar Umma kamar da wasa. Ya faɗa mata daidai yadda ta sani, ya ce lafiya? Ta ce lafiya. A wurin aiki takan tsinci kanta tana kallon dandamali na huɗu, wanda babu jirgin da ke tsayawa a kansa da rana, tana ƙirga matan da ke zaune su kaɗai. In wata ta kai hannu baki don tari ko hamma, sai Auta ta zuba mata ido. Harshenta kuma ba ya barin zaren ɗinkin, yana ta komawa kansa.

Rana ta shida ta kasa haƙuri. Ta nemi izini da azahar ta koma asibiti, ta sami Sista ita kaɗai a ɗakin wanke kayan aiki, tukunyar tururi tana huci a bayanta. Ba ta yi dogon gaisuwa ba, ta ce ta san tana nan ranar.

Sista ta goge hannu ta zauna. Ta ce duk zuwan huɗu tana nan. Tun ranar farko ta gane katin ba na matar ba ne, ta kau da kai, don ta ga in aka matsa mata gudu za ta yi. Daga baya wata ma'aikaciya da ke unguwarsu ta ba ta labarin rasuwar, har ta yi mata addu'a. Sai ga shi wata rana da la'asar, ana shirin tashi, ta ɗaga kai ta ga matar a ƙarshen benci, da koren gyalen da ta saba zuwa da shi, ta ja shi ta rufe baki, da katin a hannu.

"Ni na riƙe mata leɓe," in ji Sista. "Likitan sabo ne, bai san komai ba, ni kuma me zan ce masa? Shekara ashirin da ɗaya ban yarda na zauna ni kaɗai a ɗakin nan bayan la'asar ba. Ranar da kika shigo na ce shi ke nan, ta sake dawowa."

Auta ta tambaye ta ko ta ga guntulallen haƙori a ranar. Sista ta yi tunani, ta ce ita idonta a rufe yake rabin lokacin.

A mota, kan hanyar komawa, koren gyalen ya tsaya mata a rai. Bayan rasuwa an raba kayan Umma, ita ta ɗauki zobe, Yaya ya ɗauki rediyo. Tufafin kuwa duk mutum ɗaya aka bar wa. Ta sauka tun kafin a kai tasha, ta tsallaka titi, ta shiga wata motar.

Inna tana zaune ne a ɗaki ɗaya a saman shagon wani mai gyaran takalma, ana hawa ta wani matsattsen matakala mai warin gam. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta haihu ba, ba ta sake aure ba. Duk dangi sun san halinta: ba ta cin abinci cikin mutane, kofinta daban, cokalinta daban, in za ta yi magana sai ta kare baki da hannu. Ko 'ya'yan Auta ba ta taɓa sumbata ba, sai dai ta shafa kansu. Ana ce mata mai ƙyanƙyami, yaran kuma a bayan idonta suna ce mata Inna Kar-a-taɓa. Auta tana zuwa duk sati biyu, kuma sau nawa ta ga koren gyalen nan rataye a ƙusa bayan ƙofa, ya koɗe har ya kusa zama toka-toka, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba.

Ta same ta tana murƙushe dafaffen dankali da bayan cokali, ta bar shi ya huce sarai. Bayan sun gaisa Auta ta durƙusa a gabanta, ta kunna fitilar waya, ta buɗe bakinta ta nuna mata layukan da ɗinkin. Cokalin ya faɗi daga hannun Inna.

"Wa ya sa miki? Ni ce? Ban taɓa ba ki kofina ba, 'yar nan, ko sau ɗaya."

Auta ta ce ba kowa, ba a ɗauka. Ta ce ta ga fayil ɗin. Ta ce, "Inna, ke ce kika je, ko?"

Da Inna ta fara magana, hannunta na kan baki kamar kullum, sai da Auta ta matso don ta ji. Ta ce tun tana jinyar ta ga layukan a bakinta, ta tabbata ta ɗauka ne wajen wanke wa Yayarta baki. Umma ma ta gani. A satin ƙarshe, da magana ta gagare ta, ta jawo katin daga ƙarƙashin matashi ta danƙa mata, ta nuna mata ƙofa da ido. Wata biyu tana ajiye da shi kafin ta yi ta maza ta je. Ta yafa gyalen ne don ta ji kamar ba ita kaɗai ba ce. Sai likitan ya buɗe takardu ya fara karanta mata ciwon Yayarta tiryan-tiryan kamar nata ne, da ƙulli, da kaluluwa, yana kallonta yana mamaki. Ta ji kamar gawar ce aka zaunar a kujerar. Da ya juya baya, ta gudu. Tun daga ranar take jiran abin ya zo, kowace shekara tana cewa bana ce. Ya yi ta lafawa yana tashi, bai kashe ta ba, bai kuma bar ta ba.

Auta ta roƙe ta ta buɗe. Sai da ta roƙa sau uku. Layukan suna nan, sun fi nata kauri, fatar ta yi sulɓi ta tattare don daɗewa. A can baya ta dama kuma akwai wani miki da bai kai farcen ɗan yatsa ba, bakinsa ya ɗago, ya yi tauri. Inna ta ce wannan sabo ne, wata uku ke nan, kuma shi ba ya ma ciwo kamar sauran. Rashin ciwon ne ya fi tayar wa Auta da hankali, don likita ta ce mata duk mikin da ya wuce sati uku bai warke ba, ko yana ciwo ko ba ya yi, a kawo shi.

Ranar karɓar sakamako su uku suka je. Mijin ne ya hau ya sauko da Inna, yana ce mata in ta ƙi zai goya ta a bainar jama'a, ta zaɓa. A wurin kati akawun ya tambayi sunanta, sai da Auta ta taɓa ta sannan ta faɗa, aka buɗe mata sabon fayil siriri.

Na Auta ya fito yadda likita ta zata: laikin filanas ne, babu alamar lalacewa, jininta ma lafiya. Ta ce mata ba a warkar da shi gaba ɗaya, sai dai a kwantar da shi. Ta rubuta mata maganin shafawa mai kashe kumburi, ta tsane wurin da auduga ta shafa sau uku a rana, kada ta ci ko ta sha sai bayan rabin awa. Ta bar yaji da tsami da abu mai zafi in ya tashi, ta canza man goge baki zuwa marar kumfa, da buroshi mai laushi. In ta ga wani fari kamar guda-gudan madara wanda yake gogewa, wannan daban ne, maganin ne kan jawo shi, ta zo a ba ta nasa. Sannan duk wata shida sai an duba ta, har iya rayuwa, don a cikin mutum ɗari masu ciwon, ɗaya ko biyu nasu yakan juye ya zama ciwon daji, kuma in an kama shi da wuri ƙaramin aiki ne.

Sai aka kira Inna. Sista ta gan ta a bakin ƙofa, ta ja da baya har ta bugi tire. Auta ta ce mata wannan ƙanwar Umma ce, ita ce ta zo da la'asar ɗin nan. Sista ta dube ta sama da ƙasa, ta matso, ta kama wuyan hannunta ta riƙe, kamar mai auna bugun jini. Da ta ji ɗumi sai ta fashe da dariya, tana yi tana share hawaye, ta ce baiwar Allah, kin san shekara nawa kika hana ni sakewa a wurin aikina? Inna ta ba ta haƙuri da gaske, abin da ya ƙara ba Sista dariya. Da likita ta ce a yanki naman mikin a gwada, Sista ce ta riƙe mata leɓe har aka gama yankan, idonta a buɗe.

Sakamakon Inna bai yi daɗi ba, amma bai kai yadda suka ji tsoro ba. Mikin ya riga ya juye ya zama ciwon daji, sai dai bai yi zurfi ba, hoton da aka ɗauka kuma bai nuna ya kai wuya ba. Cikin sati uku aka yi mata aiki, aka yanke shi da ɗan naman da ke kewaye. Ta yi kwana biyar a asibiti, daga nan Auta ta wuce da ita gidanta, aka kwashe keken ɗinki daga ƙaramin ɗaki aka sa mata gado. Bakinta ba ya buɗuwa sosai kamar da, sai da aka koya mata motsa muƙamuƙi kullum safe, tana yi tana mita. Ba ta koma saman shagon ba. Na Auta kuwa ya kwanta cikin wata ɗaya, jan wurin ya rufe, layukan suka dushe amma ba su ɓace ba. Yakan tashi in ta gaji ko ranta ya ɓaci, ta koma wa maganin.

Yaya ne ya rage. Auta ta jira har ya dawo daga doguwar tafiya, ta same shi a garejin da suke ajiye motoci, yana zaune a kan taya da sigari a hannu. Ta ba shi labarin duka, daga katin har aikin Inna. Ta zaci zai yi faɗa don an ɓoye masa. Bai yi ba. Ya tambaye ta ranar da aka sa za a yi wa Umma aikin, wadda ba ta je ba. Ta faɗa masa watan.

Ya ce ai Umma ta je. Shi ya kai ta a babur ɗin Baba, da sassafe, da 'yar jaka a hannunta. Ta ce masa ƙawarta za ta dubo, ya jira ta a bakin ƙofa. Bai fi minti goma ba ta fito, ta ce an sallami ƙawar, su tafi gida. A hanya ta sa ya tsaya ta saya masa takalmi, tana ta ba shi dariya.

"Na ga jakar," in ji shi. "Na ga tawul da buroshi a ciki. Ban tambaya ba."

Wani yana ta buga ƙarfe a can ƙarshen garejin. Sigarin ya ci har ya kusa ƙona masa yatsa, ya yar ya take. Auta ta ce ta karɓar masa lamba ranar Alhamis ƙarfe tara, a duba bakinsa, shekara talatin yana shan abin nan. Ya ce yana da lodi ranar Alhamis. Ta ce ta riga ta yi magana da mai motar, an ba wani. Ya harare ta, ya ce tun tana ƙarama ba ta da kunya. Sannan ya tambaye ta ko ana cin abinci kafin a je.